Surukata tana kiran ɗana Kofi, Yayana ya ce sunan tsafi ne

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni haifaffen Aboabo ne a nan Kumasi, ƙasar Gana, fataucin goro ne ya kawo kakana daga ƙasar Kano. Matata 'yar Asante ce, ta musulunta tun kafin mu yi aure, iyayenta kuwa suna nan a cocinsu na Methodist a wani gari kusa da Ejisu. Allah ya ba mu ɗan fari, namiji, ranar Juma'a. Mun yanka rago, liman ya raɗa masa Abdurrahman. Amma tun a asibiti surukata ta ɗauke shi tana ta "Kofi, Kofi", yanzu duk danginsu haka suke kiransa. Ta kuma ce in an yi arba'in a kai shi garinsu su yi masa nasu bikin. Yayana ya ce wannan sunan tsafi ne, in na yi shiru na sayar da ɗana, domin a wurin Asante ɗa na dangin uwa ne. Wani abokina kuma ya ce duk mai suna Kofi ba ya zama wuri ɗaya, yawo a jininsa yake. Da na yi wa matata maganar ba ta ce uffan ba, sai hawaye. Ina tsoron saɓa wa Allah, ina kuma jin nauyin tsohuwar nan, don ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ki ba ni shawara.

Wani uba daga Aboabo

Wa alaikumus salam, ɗana. Barka da arziki. Allah ya raya Abdurrahman bisa tafarkin Musulunci, ya ba mai jego lafiya da ruwan nono, kai kuma ya hore maka abin ɗawainiya.

Bari in faɗa maka ra'ayina tun yanzu don zuciyarka ta sauka: ka bar tsohuwa ta kira jikanta Kofi. Akwai wurin da ya kamata ka tsaya ka ce a'a, kuma zan kai ka wurin, amma sunan nan ba ya cikinsa.

Abin da na ga ya ɓace wa Yayanka shi ne, surukarka ba ta raɗa wa yaron nan suna ba. A wurin Akan, wato Asante da Fante da Akyem da Akuapem da Bono da 'yan'uwansu, ba wanda ke zama ya zaɓi sunan rana. Jariri da abinsa yake faɗowa. In Lahadi ce, namiji Kwasi, mace Akosua. Litinin Kwadwo da Adwoa, Talata Kwabena da Abena, Laraba Kwaku da Akua, Alhamis Yaw da Yaa, Juma'a Kofi da Afua, Asabar Kwame da Ama. Fante na bakin teku suna ɗan lanƙwasa harshe, su ce Kojo, Kobina, Ekow, Efua, Esi. Kai da ka tashi a Kumasi ka san wannan lissafi kamar sunanka, na kawo shi ne saboda masu karatunmu na Kano da Maraɗi. Ko ka hana surukarka, ranar da yaron nan ya shiga makaranta malama ta tambaye shi ranar haihuwarsa, to ya zama Kofi. Ko Bature ne ya zo baƙunta, tambayar da ake fara yi masa ke nan, kuma kafin ya gama shan ruwan maraba an sa masa nasa. Saboda haka yaƙin da Yayanka ke tura ka, yaƙi ne da ba a cinsa, sai dai a yi asarar mutane a cikinsa.

Sannan ina son ka tambayi Yayanka, cikin ladabi, ko a zuriyarku babu Ɗanjuma ko Jummai. Babu Ladi, babu Talatu, babu Balarabe, babu Lami, babu Asabe? Mu Hausawa muna da sunan yanka, wanda liman ke raɗawa, muna kuma da sunan da gida ke kiran yaro da shi, kuma sau da yawa na rana ne. Uwa da ke alkunyar ɗan fari ba ta kama sunansa, kaka da aka mayar wa sunan mijinta ba ta kama shi, sai a nemi lakabi. Da a Kano aka haifi ɗanka, wata gwaggo ta ce masa Ɗanjuma, ba wanda zai ɗaga kai. Kamannin ma bai tsaya kan ranaku ba. Wanda ya biyo tagwaye mu ce Gambo, su ce Tawia. Ɗan ƙarshe mu ce Auta, su ce Kaakyire. Matar da ke wabi, in ta haihu, tsofaffinmu kan sa wa ɗan Ajuji ko Bawa, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce, su kuma sai su ce Sumina, wato juji, ko Donko, wato bawa. Har ranar sunan ma ɗaya ce: su suna cewa rana ta takwas don suna ƙirgawa da ranar haihuwa, mu muna cewa kwana bakwai, amma wanda aka haifa Juma'a, Juma'a mai zuwa ake fito da shi a can da nan.

Duk da haka ba zan ce maganar Yayanka ba ta da tushe ba, kuma bai kamata ka raina shi ba, kishin addini ne ya sa shi magana. Akan da kansu suna kiran sunan rana kradin, sunan kurwa. A tsohuwar aƙidarsu mutum yana samun jini daga uwa, ntoro, wato ruhin hali, daga uba, kra kuma, wato kurwa, daga Onyame, Mahalicci, kuma kowace rana an jingina ta da wani ruhi nata. Ta Juma'a Afi ake cewa. Sun ɗauki rana da girma har suka sa wa Mahalicci kansa Onyankopon Kwame, na Asabar, ƙasa kuma Asase Yaa, ta Alhamis, shi ya sa a gargajiyance ba a noma ran Alhamis a ƙasar Asante. Har gizonsu na tatsuniya yana da ranarsa, Kwaku Ananse. Wannan duk gaskiya ne, kuma Musulmi ba ya ƙudurta shi.

To amma tambayar ita ce, tsohuwar da ke zuwa coci kowace Lahadi, in ta ce Kofi, me take nufi? Tana nufin jikana na Juma'a. Haka miliyoyin Kiristocin Gana suke riƙe da sunayen nan tare da na baftisma, haka Musulmin Asante, waɗanda ake kira Asante Nkramo, suke riƙe da su tare da sunayensu na Musulunci, suna salla suna azumi suna zuwa Makka. Ka dubi abin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya canza da abin da ya bari. Ya canza sunan da ke bautar da mutum ga wanin Allah, shi ya sa muka san Abdurrahman ɗan Aufu da wannan suna, ba da wanda ya zo da shi daga jahiliyya ba. Ya canza suna mai mummunar ma'ana da mai yabon kai, Barra ta koma Zainab. Amma bai ce wa Bilal ya sake suna ba. Sunayen watanni ma, Rajab da Sha'aban da Ramadan, Larabawa suna amfani da su tun kafin Musulunci, aka bar su, ga shi yau muna da Sha'aban da Ramalan da Azumi a gidajenmu. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, don haka ka je wurin malami mai tsoron Allah a nan Kumasi, wanda ke jin Twi, harshen Asante, kuma ya zauna da mutanen nan, ka ɗauki Yayanka ku tafi tare. Kada ku kai tambayar ga wanda bai taɓa jin sunan ba sai a bakinku, domin amsar da za ku samu tana bin yadda kuka tsara tambayar. Kai dai ka riga ka sauke babban haƙƙin da ke kanka: ka zaɓa masa ɗaya daga cikin sunaye biyu da hadisi ya ce Allah ya fi so, Abdullahi da Abdurrahman.

Maganar abokinka ta yawo kuwa, nan ne nake son ka buɗe kunne, don ita ce ta fi ba ni tsoro, ba ta Yayanka ba. Gaskiya ne kowane sunan rana yana da kirarinsa da halin da ake jingina masa. Kwadwo ana ce masa mai sanyin hali, mai son zaman lafiya. Kwaku ana yi masa kallon mai rigima. Kofi kuma kirarinsa Kyini, mai yawo. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Gustav Jahoda, wanda ya koyar a jami'ar ƙasar nan tun tana Gold Coast, ya bi bayanan kotun yara a ƙasar Asante, ya buga sakamakonsa a 1954. Ya tarar masu suna Kwadwo sun yi ƙaranci a cikin yaran da aka gurfanar, masu suna Kwaku kuma sun yi yawa, musamman a laifin faɗa da duka. Wani zai ji wannan ya ce ashe camfin gaskiya ne. Ni abin da na gani daban ne. Yaron da tun yana rarrafe ake ce masa "ai Kwaku ne, ba ya jin magana", in ya mari ɗan'uwansa a yi dariya a ce halin ranarsu ne, me kake tsammani zai zama in ya kai shekara goma sha biyar? Laraba ba ta yi masa komai ba, bakin manya ne ya yi. Hausawa suka ce suna linzami, kuma linzamin a hannun masu kira yake.

Don haka abin da za ka hana a gidanka shi ne a riƙa yanke wa yaro hali da ranar haihuwarsa. In ya fara tafiya ya fice ƙofa, kada ka bari a ce "Kofi ne, ba zai zauna ba". Kowane yaro ficewa yake yi. Annabi ya hana camfi, kuma mu ma ba mu tsira daga gare shi ba, ga masu ƙin tafiya ko wanki a wasu ranaku, ga Larabgana. In kuma ana son a ba shi labarin masu sunan, akwai na kirki da za a ba shi. A nan Kumasi aka haifi Kofi Annan ranar Juma'a, 8 ga Afrilu 1938. Cikakken sunansa Kofi Atta Annan, Atta ɗin saboda tagwaye ne shi da 'yar'uwarsa Efua. Ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2001. A can Guyana, ƙetaren teku, bawan da ya jagoranci tawayen Berbice a 1763 Kofi ne, suna rubuta shi Cuffy, kuma har yau gwarzon ƙasarsu ne. Mutanen da aka kwashe a jirgin ruwa aka raba su da komai, sunan rana na cikin 'yan abubuwan da suka tsira da su, shi ya sa ake samun Cudjoe da Quashie a Jamaika. Kuma ka san kujerar zinariya ta Asante, wadda suka ce babban bokansu Okomfo Anokye ya sauko da ita a zamanin sarkinsu Osei Tutu, sunanta Sika Dwa Kofi, don ran Juma'a ta sauka. Saboda kujerar nan ce Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, wato yankin surukanka, ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900, lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa ita ya hau. Mutanen da suka sa wa abin da suka fi darajantawa a duniya wannan suna, in suka kira ɗanka da shi, ka san ba wulaƙanci suke nufi ba. Mu kuma a wurinmu Juma'a ita ce shugabar ranaku.

Yanzu ga inda za ka tsaya. A bikin fito da jariri na gargajiya, wanda suke kira abadinto, dattijo yakan ɗiga wa jariri ruwa a harshe, sannan ya ɗiga masa giya, yana ce masa in ka ce ruwa ya zama ruwa ne, in ka ce giya ya zama giya ce. Manufar kyakkyawa ce, ana yi masa wasiyya da gaskiya tun bai san komai ba. Amma giya ba za ta taɓa harshen ɗanka ba, ko ɗigo ɗaya. Akwai kuma zuba giya a ƙasa ana kiran magabata su sa albarka su tsare yaro. Wannan ma ba da yawunka ba, domin roƙon tsari wurin Allah kaɗai ake yi. Waɗannan biyun ba abin sassauci ba ne, kuma ka faɗe su tun kafin a sa rana, kada ka bari sai an taru an shimfiɗa tabarma sannan ka miƙe ka ɓata taro.

Ina kyautata zaton ba za ka sha wahala ba. Gidajen Kiristoci da yawa sun daɗe da barin giyar, fasto ne ke addu'a, a ɗiga ruwa da lemo ko wani abu mai zaƙi. Kai ma kana da abin da za ka miƙa a madadinta daga cikin addininka: Annabi yakan tauna dabino ya shafa wa jariri a ganɗa. Ka tafi da dabinonka. In dattijonsu yana son ya yi wa yaro wasiyyar gaskiya da ruwa da dabino, ban ga abin ƙi a ciki ba. Ka kuma riƙe wannan, don zai ba ka ƙarfin gwiwa: a al'adar Akan ɗin kanta, babban suna haƙƙin uba ne. Uba ke zaɓa, yawanci daga cikin mutanen kirki na danginsa. Saboda haka in ka tsaya a gabansu ka ce sunan yaro Abdurrahman, al'adarsu ce ma ta ba ka wannan bakin.

Kada ka aika matarka ita kaɗai ta kai wannan saƙo. Za ka sa ta tsakanin uwa da miji, kuma tana jego. Ka nemi wanta ko ƙanenta, wanda yaron zai kira wofa, kawu ke nan, domin a wurinsu kawu babban mutum ne a kan ɗan 'yar'uwarsa. Ka je da wani dattijo daga zango mai jin Twi sosai, ku riƙe goro da turmin atamfa na tsohuwa. Ka fara da godiya. Ka ce mata ka ji daɗin sunan da take kiran jikanta, za ka kawo shi da kanka, ga abu biyu da addininka bai yarda da su ba, kana roƙon a taimake ka. Wanda ya shigo da "na yarda" kafin "ban yarda ba" ana saurarensa.

Sai batun sayar da ɗa. Gaskiya ne Asante ta wajen uwa suke ƙirga dangi. Yaro na abusua ɗin uwarsa ne, wato zuriyarta, kuma sarauta da filin gado na dangi ta nan suke bi. Amma ka lura da abin da wannan ke nufi ga ɗanka. Mu muna ƙirgawa ta wajen uba, Alƙur'ani ma a cikin Suratul Ahzab ya ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, don haka a zango cikakken ɗan gida ne. Su suna ƙirgawa ta wajen uwa, don haka a Ejisu ma cikakken ɗan gida ne. Da Bahaushiya ce ta auri Ba'asante, da lissafin ya juye, kowane ɓangare yana iya cewa na wancan ne. Naka kowa cewa yake nasa ne. A ƙasar da har yanzu ɗan zango kan sha tambayar "kai ɗan ina ne asali" in ya je neman takarda, ko da kakansa a nan aka binne shi, yaron da ke da gida a Aboabo da gida a Ejisu, yana jin Hausa yana jin Twi, ba abin tausayi ba ne. Ba wanda zai ƙwace maka shi. A gidanka zai kwana, kai za ka kai shi makarantar allo, bayanka zai bi zuwa masallaci. Tarbiyya tana hannun wanda yaro ke gani safe da yamma. Kuma zaman Musulmi da Asante ba yau aka fara ba: tun kafin Turawa su ci ƙasar akwai malamai a fadar Kumasi suna yi wa Asantehene, sarkin Asante, rubutu, wani Baturen Ingila mai suna Bowdich da ya zo a 1817 ya same su a nan, kuma goron da kakanka ya yi fatauci daga dazukansu ya fito.

Na bar maganar matarka zuwa nan da gangan, don ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Ka ce ba ta ce uffan ba sai hawaye. Ɗana, yarinyar nan ta bar addinin iyayenta, ta shigo cikin mutanen da ba harshenta suke yi ba, ta yarda aka yi wa ɗanta na fari suna irin naku, da ragonku da limaminku da wanzaminku. Abu ɗaya tak ya rage da ke nuna yaron nan ya fito daga tsatsonta, shi ne kalmar da uwarta ke faɗa in ta ɗauke shi. In ka ƙwace wannan, abin da za ta ji shi ne duk abin da ta zo da shi ƙazanta ne. Musuluncinta ma zai iya yin rauni a kan haka, domin za ta ga kamar shiga addini yana nufin yanke uwa. Alhali kuwa Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta zo mata tana mushrika, ya ce ta sada zumunci da ita. Suratu Luƙman ma ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Ka shiga ɗaki yau, ka zauna kusa da ita, ka tambaye ta ranar da aka haife ta in ba ka taɓa tambaya ba, ka ji sunan da uwarta ke kiranta da shi. Ka gaya mata da bakinka cewa za ku je Ejisu tare. Mai jego ba a barinta da baƙin ciki, yana taɓa lafiyarta, yana taɓa nono.

Yayanka kuma kada ka yi masa gardama a gaban mutane, gaba yake da kai. Ka same shi shi kaɗai, ka nuna masa ka ɗauki gargaɗinsa, ga abin da ka hana saboda maganarsa, ga abin da ka bari da dalilinka. Ka roƙe shi ya raka ka bikin. In ya je ya ga ruwa da dabino da addu'a, ya ci abinci, shi zai dawo yana ba wasu labari. In ya ƙi zuwa, ka ƙyale shi, kada ka fasa.

In za ka yi wa yaro takardar haihuwa, ka yi da wuri, ka zauna da matarka ku yanke abin da za a rubuta. Ko Abdurrahman da sunanka kawai, Kofi ya zauna a baki kamar yadda Ɗanjuma ke zama, ko ku sa shi a tsakiya, duka biyun daidai ne. Ni da za a bi tawa, a sa shi, don wata rana zai yi masa amfani. Abin da kuka rubuta dai ku tsaya a kansa harafi da harafi, a katin asibiti da rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin takardu yana jawo wahalar da sai an yi rantsuwa a kotu kafin a gyara. In kun dawo daga Ejisu ka rubuto mini yadda aka yi, ka kuma gaishe mini da mai jego.